Kafin ka sayi tsohon kwafin littafin Silone, ka san wanne ne

Duk wanda ya shiga neman littafin marubucin Italiya Ignazio Silone na hannu, wanda aka sani a Turanci da Bread and Wine, zai ɗauka zaɓinsa bai wuce tsakanin mai tsada da mai araha ba, alhali littattafai biyu ne suke yawo a kasuwa da suna ɗaya. Silone ya rubuta shi yana gudun hijira a Suwizalan, aka fara buga shi da Jamusanci a 1936, na Italiyanci kuma ya fito a 1937 da sunan Pane e vino, wato gurasa da giya. A 1944, gab da ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, ya koma gida Italiya, daga baya ya sake masa aiki tun daga tushe, ya zubar da abubuwa da dama, kamfanin Mondadori ya fitar da shi a 1955, har sunan ma ya juya ya zama Vino e pane.

Mai karanta Italiyanci bangon kaɗai ya ishe shi, domin idan gurasa ce a gaba to na farko ne, idan kuwa giya ce to na biyu ne. Mai karanta Turanci shi ne yake da aiki, tun da sunan bai canza ba, sai dai ya duba wanda ya fassara. Idan ya ga Gwenda David tare da Eric Mosbacher, tsohon rubutun ne. Idan ya ga Harvey Fergusson, wanda fassararsa ta fito a 1962, ko Mosbacher shi kaɗai, sabon ne. Saboda haka kada ka biya kuɗi sai mai sayarwa ya aiko maka da hoton shafin da ke bayan shafin suna, inda ake rubuta shekara da mai fassara.

Gundarin labarin ɗaya ne. Pietro Spina, ɗan gidan masu hali da ya rungumi gurguzu, ya dawo yankin Abruzzo na Italiya a ɓoye a 1935, lokacin da Mussolini, shugaban gwamnatin 'yan Fasist ta Italiya, ke shirin afka wa Habasha, ya sa rigar limamin coci ya zauna cikin talakawan manoma waɗanda ba su fahimci kalma ɗaya daga cikin huɗubarsa ta siyasa ba, amma sun san darajar wanda ya gutsura gurasa tare da su. Silone bai ɗauko zancen 'yan'uwantaka daga sama ba: ƙanensa Romolo ya mutu a kurkukun 'yan Fasist a 1932, shi kansa kuma ya rabu da jam'iyyar gurguzu a 1931.

A ganina, mai karatun farko ya nemi na 1955, domin ya fi tsari, ya fi sauƙin samu, kuma shi marubucin ya amince da shi. Tsohon ya fi dacewa da mai nazari da yake son jin zafin lokacin kamar yadda aka rubuta shi Mussolini yana kan mulki, sai dai kuɗinsa yakan ɗara. Wanda yake da niyyar ci gaba da karatu kuwa, akwai kundin The Abruzzo Trilogy na 2000, wanda ya haɗa shi da Fontamara, wani littafin Silone, da littafin da ya ci gaba da labarin Spina, ko da yake nauyinsa zai ƙara kuɗin aikowa.

Saura lafiyar kwafin. Ƙananan bugu masu laushin bango na shekarun 1960 takardarsu takan yi ja, wannan ba aibi ba ne, haka ma hatimin laburare. Abin gudu shi ne busasshen gam, wanda da ka buɗe littafin sosai sai ka ji ƙas, shafuka su fara zubowa, da kuma warin danshi, wanda ba ya fita kuma yakan kama littattafan da ke kusa. Ɗalibai sun daɗe suna karanta wannan littafi, don haka ka nemi hoton tsakiyarsa, ka ga ko wani ya riga ka ja masa layi da jan biro.