Midjourney ko Stable Diffusion? Amsa ga ɗan'uwanmu mai shagon buga kati a Gusau

Malam, ka tambaya wanne ya fi tsakanin waɗannan manhajoji biyu masu zana hoto daga umarnin da ka rubuta musu, ga mai son saita hoto da hannunsa don fosta da katin biki. Ka ɗauki Stable Diffusion, muddin kwamfutarka za ta iya ɗaukarsa.

Shi nake amfani da shi a nan Birnin Kebbi, ta manhajar AUTOMATIC1111. Kyauta ne tun fitowarsa a 2022, kuma da zarar ka sauke shi ba ruwanka da data, ko sabis ya ɗauke aikinka na tafiya. Abin da ya sa na riƙe shi hannu bibbiyu wani aiki ne da na yi wa wani Alhaji mai injin casar shinkafa. Hoton kalanda yake so: masunci irin na Argungu, da gorarsa da komarsa, ya rungumo giwan ruwa. Hoto na shida ko na bakwai ne ya fito da fuskar da ta kwanta masa a rai, sai dai an naɗa wa mutumin rawani irin na Larabawa, ga yatsu shida a hannun dama. Alhaji ya dafa kafaɗata ya ce, "Yaro, wannan mutumin nake so, kada ka sauya min shi."

A nan lambar iri ta cece ni, wato gurbin da aka rubuta wa Seed. In ka bar shi a kan -1, duk dannawa sabon hoto za ka gani. In kuwa ka kwafi lambar hoton da ya yi maka ka dasa ta a wurin, ka bar sauran saitin yadda yake, hoton nan dai zai sake dawo maka. Sai na kulle lambar, na riƙa taɓa abu ɗaya-ɗaya. Rawanin na rubuta shi a akwati na biyu, na abubuwan da ba a so. Hannun kuma na shafa masa alama shi kaɗai na ce a sake zana wurin, na ajiye ƙarfin sauyi a 0.4. Wannan ma'aunin daga 0 zuwa 1 yake tafiya: ƙasa-ƙasa gyaran fuska ne kawai, in ka matsa kusa da 1 ka ba shi izinin ya zana abin da ya ga dama. Kafin la'asar Alhaji ya tafi da masuncinsa, yatsu biyar cif.

Sauran saitin ba su da wuyar sha'ani. CFG shi ne ma'aunin biyayya ga umarninka, a kan 7 yake zuwa, kuma ni da wuya in wuce 8. Mutane na ɗauka in sun kai shi 15 ko 20 zai fi jin magana, sai launi ya ƙone, fata ta koma kamar roba. Matakai, wato sau nawa zai bi ta kan hoton yana tace shi, a kan 20 suke zuwa, 25 zuwa 30 sun wadatar. Abin da ya haura haka yawanci cin batirin sola ne kawai. Girman hoto shi ne inda sababbi ke faɗawa rami. Samfurin Stable Diffusion na 1.5 da hoto mai ɗigo (pixel) 512 a 512 aka horar da shi, samfurin SDXL kuma 1024 a 1024. Ka tilasta wa na farkon dogon hoto irin na fosta, kana iya ganin mutum da kai biyu. Ka yi shi a girmansa, daga baya ka faɗaɗa don bugu. In duk wannan ya yi maka yawa da farko, fara da Fooocus, shi ma kyauta ne, ya ɓoye yawancin maɓallan.

Midjourney kuwa, hotonsa na da kyau, ban musa ba. Amma dala 10 ne mafi ƙaranci duk wata, sai da intanet, saitinsa kuma ya haɗa da 'yan kalmomin da kake liƙawa a ƙarshen umarni, irin su --ar da --stylize. Kuma a ƙananan tsare-tsarensa hotunan da ka yi a fili suke, wasu na iya gani, sai mai biyan babban tsari ke iya ɓoyewa. Kai da za a riƙa kawo wa hoton amarya, ka yi tunani.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa. Ka kiyayi masu tallan asusun Midjourney mai araha a WhatsApp. Na taɓa saya hannun wani, ashe mu da yawa ya sayar wa asusu ɗaya. Kwana huɗu lokacin aikin da aka ware wa asusun ya ƙare, shi kuma lambarsa ta daina shiga. Masu sayar da laftof na hannu ma sai a hankali. Kwalin Nvidia da aka manna a jiki ba hujja ba ne. Ka sa a kunna a gabanka, ka buɗe Task Manager, ka duba sunan katin hoton, wato GPU, na'urar da ke sarrafa hoto a cikin kwamfutar, da ma'ajiyarsa ta kansa. Wasu sukan nuna maka wadda yake arowa daga kwamfutar su ce ita ce. Giga 4 shi ne bakin ƙofa, tawa 6 ce kuma tana nishi da SDXL, in aljihu ya yarda ka nemi 8 zuwa sama.

Sai rubutu. Kada ka ce wa ɗayansu ya rubuta maka sunan ango da amarya, balle kalma mai ƙ ko ɗ. Ka fitar da hoton tsurarsa, ka kai shi CorelDraw ka ɗora rubutun da kanka kamar yadda ka saba. Turo mana sunan katin hoton da ke cikin kwamfutar shagonka, in faɗa maka samfurin da za ka fara saukewa.