Samsung 870 EVO 500GB, bayan wata huɗu a laftop ɗin da ta koma hawainiya

Wata huɗu kenan da na sa wannan SSD ɗin, wato ma'ajiyar fayiloli ta zamani da ke maye gurbin haddisk, a laftop ɗina, da gangan na ƙi cewa komai tun farko kar ya zama ɗokin sabon abu ne ke ɗibata. Yanzu kam ɗoki ya wuce, zan iya faɗin abin da na gani da wanda bai min ba.

Laftop ɗin ba sabuwa ba ce, furosesarta, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, Core i5 ce janareshan na 8, ram, wato inda take riƙe aikin da ke buɗe, 8GB, sai haddisk mai 1TB irin mai juyawar nan sau 5400 a minti. Shekara da shekaru tana kan Windows 10 muna lallaɓawa, ba gudu take ba amma dai ba ta taɓa sa ni ciwon kai ba. To da aka daina ba Windows 10 afdet na kyauta ranar 14 ga Oktoba 2025 sai na ce bari in bi ayari in hau Windows 11, na duba da PC Health Check, manhajar da ke gwada ko kwamfuta za ta ɗauki Windows 11, ta ce komai ya cika, TPM 2.0, wato na'urar tsaron da ake buƙata, akwai, furosesa ta shiga layi, ram ma ya ninka 4GB ɗin da ake nema. Na yi instolin lafiya lau. Daga nan ne fa labari ya canza.

Wallahi in na danna mata wuta sai in tashi in yi wata hidimar in dawo tana nan tana juya ɗigo-ɗigon nan, in ta buɗe ɗin ma ba a gama ba, sai ka ƙara ba ta minti uku ko huɗu kafin ka taɓa komai, ka danna Start shiru, ka sake dannawa shiru, can sai su buɗe su rufe a tare kamar masu yi maka tsiya. Rubutu ma ina bugawa haruffan na biyo ni a baya. Kowa na faɗa wa sai ya ce bayiros ne, wani ya ce a yi mata fomatin, to malam fomatin na me, jiya-jiya fa aka sa mata sabon Windows. Na dai yi sikanin don in huta da surutu, ba a samu ko ɗaya ba.

Abu na farko da zan ce, kuma wannan kafin ma maganar sayen komai: kwana biyu ukun farko bayan sabon instolin, nauyi ba abin mamaki ba ne. Windows na can ƙarƙashi tana sauke afdet, tana jera sunayen fayilolinka kaf don saurin bincike, Defender mai farautar bayiros na leƙa komai, in kana da OneDrive mai ajiye fayiloli a intanet shi ma yana nasa jigilar. Ka bar ta a jone da caja da intanet ta kwana, ka yi ristat sau biyu uku, da yawa a nan matsalarsu ke ƙarewa ba su kashe ko sisi ba. Ni sati guda cur na ba ta. Na shiga Device Manager na tarar direban hoto bai hau ba, yana nuna Microsoft Basic Display Adapter, na sauko da na asali daga shafin masu laftop ɗin, allon ya daina sarƙewa in ina jan windo, amma nauyin na nan. Na kashe tarkacen da ke tashi tare da kwamfuta, na mayar da pawa kan mafi ƙarfi, har SysMain, wani aikin Windows na bayan fage da ake ta cewa a kashe, na kashe, ɗan sauƙin da na samu bai taka kara ya karya ba, daga baya ma na mayar da shi yadda yake.

Wanda ya faɗa min gaskiya shi ne Task Manager. Ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka shiga Performance ka zuba ido kawai lokacin da take wannan nauyin. Tawa furosesa na zaune abinta ƙasa da kashi 20, ram bai cika ba, amma disk ya kafe a 100 ko gezau, ko ban buɗe komai ba. Na sa CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar disk, kyauta ce, sai ga shi ta nuna min ruwan ɗorawa maimakon shuɗi, wato haddisk ɗin ya fara samun wuraren da suka lalace yana ta kwashe kaya yana canza musu waje. Ashe dama tsoho ne mai jiran ƙiris, sabon Windows ɗin kawai ya ɗora masa kayan da ya tona asirinsa. A nan na daina zargin Windows ɗin.

Abin da mutane ba su cika ganewa ba, haddisk faifai ne na gaske yana juyawa, da ɗan hannu mai kai da komo yana nemo abu. In fayil ɗaya ne babba kamar bidiyo ba laifi zai karanto shi a jere, amma Windows ba haka take aiki ba, ƙananan fayiloli dubbai take nema lokaci guda a warwatse, sai ya zama kamar mutum ɗaya a sito mutum hamsin na aikensa kowa na cewa nawa za ka fara. SSD ba abin da ke motsi a cikinsa, duk inda abu yake kusan lokaci ɗaya yake miƙo shi. Wannan bambancin ne kake ji a hannu, ba manyan lambobin da ake rubutawa a kwali ba.

To na sayi 870 EVO ɗin. Da na ciro shi na ɗauka fanko aka ba ni don rashin nauyi, inci 2.5 ne siriri, ya zauna daidai inda tsohon ya fita. A kwalin daga shi sai 'yar takarda, ba kebul ba noti, don haka in kana da niyyar kwafe tsohon disk ɗinka gaba ɗaya zuwa sabon ta manhajar Samsung, sai ka tanadi kebul ɗin SATA, wato irin mahaɗin da disk ɗin ke amfani da shi, zuwa USB daban. Ni ban bi ta nan ba, na ga ba dabara ba ce in kwaso komai daga disk mai ciwo, ga shi 1TB ne zan dawo 500GB. Na haɗa filash mai 8GB da Media Creation Tool, manhajar Microsoft mai ɗora Windows a filash, na kwance bayan laftop, na cire jonin batir tukuna, wannan kar a manta, na musanya, na yi instolin sabo fil. Lasisin ya dawo da kansa da na hau intanet tunda a jikin bod, wato babban allon cikin laftop, yake ba a disk ba. Abu ɗaya da zan ja kunne a kai, kafin ka cire tsohon disk ka duba ko an kulle shi da BitLocker, in an kulle ka nemo makullin nan mai lamba 48 a asusunka na Microsoft ka ajiye, in ba haka ba ranar da ka zo kwasar hotunanka sai dai kallo.

Sakamako kuwa, kai. Daga danna wuta zuwa in buɗe burauza yanzu bai kai rabin minti ba, kuma tana buɗewa a shirye take, babu wannan jiran na sai ta gama miƙa. Disk ɗin da ya kafe a 100 yanzu sifili zuwa biyar yake yawo, sai in ana afdet ya ɗan ɗaga ya sauko. Kamfanin ya rubuta 560MB a sakan wajen karatu, 530 wajen rubutu, na gwada da CrystalDiskMark na samu dab da haka, ba su yi min ƙarya ba. Wani abin da ban zata zai dame ni da daɗi ba shi ne shirun, ashe wannan ƙas-ƙas ɗin da na saba ji duk haddisk ne. Batir ma kamar ya ɗan ƙara jimawa amma ban auna ba, kar in cika baki.

Manhajarsu Magician na bar ta saboda abu biyu kawai, tana nuna lafiyar disk da yawan abin da aka rubuta a kai, kuma tana tantance ko na asali ne, don jabun SSD sun yi yawa, kwali tsaf ciki shara. Ranar da ka saya ranar za ka duba, kar ka bari sai lokacin mayarwa ya wuce. Garanti shekara 5 ne ko rubutun 300TB, duk wanda ya riga zuwa, ni da irin aikina na ofis da kallo ko kusa ban ga ranar da zan kai can ba, masu tsoron wai SSD na saurin mutuwa su kwantar da hankali. Kuma in ka ga Windows ta nuna 465GB maimakon 500 ba cuta aka yi maka ba, bambancin lissafi ne, masu disk na ƙirga dubu-dubu ita kuma 1024.

Inda zan rage masa maki. SATA ce, kuma SATA iyakarta kenan wajen 550 zuwa 560, duk tsadar disk ba zai wuce nan ba. Sai da na buɗe laftop ɗin na ga ashe akwai ramin M.2, wato gurbin ƙaramin SSD, a gefe yana zaune ba kowa, da na bincika tun farko ko yana ɗaukar SSD nau'in NVMe da wataƙila shi zan saya, wanda ke ninka wannan gudun sau da yawa, in bar wancan gurbin don ajiya. Laifina ne ba na disk ba, amma dai a duba kafin a biya. Sannan in kana tura kaya masu nauyi sosai a tashi ɗaya, irin gigabait talatin arba'in, za ka ga ya fara da gudu can sai ya sassauta, a mai 500GB ɗin haka yake, ga masu aikin bidiyo wannan abin lura ne, ni dai sau biyu na taɓa cin karo da shi.

Kuma don Allah kar wani ya ɗauka maganin kowace cuta ne. Ƙanina da ya ga yadda tawa ta koma sai ya tashi shi ma zai saya, na ce kawo mu gani tukuna, muka buɗe Task Manager, tasa dama SSD ce a ciki, disk na hutawa, ram ɗin ne 4GB ya cika maƙil daga buɗe shafi biyar a burauza. Da ya saya da ya yi asarar kuɗinsa a banza, ram ya ƙara ya samu lafiya. Wata laftop ɗin kuma zafi ne matsalarta, fanka ta toshe da ƙura furosesa na rage gudu don kar ta ƙone, wannan buɗewa da sharewa take so. Ni kaina har yanzu in na tara shafuka da yawa ga Excel ga taron bidiyo ina jin 8GB ɗin na nishi, SSD ɗin ya rufa masa asiri ne kawai bai ƙara shi ba.

Tauraro huɗu da rabi na ba shi cikin biyar. Tsohon haddisk ɗin na sa shi a ɗan gidan USB na kwashe abin da zan kwasa, fayil biyu sun ƙi fitowa, sa'a ina da su a imel. Yana nan a durowa, ban yarda in sake ajiye wani abu mai muhimmanci a kansa ba.