Shafin tsofaffin taswirorin Sukotlan: kyauta ne, amma a tanadi data

Aikina safiyo ne a nan Bauchi, don haka da wani abokin aiki ya turo mini maps.nls.uk ban yi sanya ba. Shafin na Babban Ɗakin Karatu na Ƙasar Sukotlan ne da ke Edinbura. Ba rajista, ba biyan ko sisi.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake ajiye tsohuwar taswira gefe guda, hoton tauraron ɗan'adam na yau a ɗaya gefen, in ka ja wannan wancan ya biyo. Na gwada da gundumar cocin Fortingall a yankin Perthshire. Wajen 1890 wani attajirin jiragen ruwa, Donald Currie, ya sa aka sake gina ƙauyen, to sai ga shi taswirar hukumar safiyo ta shekarun 1860 tana nuna maka garin kafin a taɓa shi. Cocin na nan inda yake. A farfajiyarsa ne tsohuwar bishiyar nan ta yew take, wadda a 1769 aka auna kewayen gindinta ya haura ƙafa 50.

Amma ni inda na daɗe shi ne kwarin Glen Lyon da ke kusa da ƙauyen. Masu safiyon nan ba su raina komai ba: rijiya, mashigin rafi, garken tumaki, kangon gida, kowanne an sa shi, da yawa har da sunansa na Gelik, tsohon yaren mutanen yankin. Ga ƙauyukan Innerwick da Bridge of Balgie, ga gidan sarautar Meggernie. Can saman tsauni kuma za ka ga alamun bukkokin da mata da yara kan hau da shanu su zauna lokacin zafi suna tatsa, kamar dai mashekarin Fulaninmu. Yau ba kowa a wurin sai tulin duwatsu, amma takarda ta riƙe su.

Akwai kuma taswirar soja ta William Roy, 1747 zuwa 1755. Kyakkyawa ce, sai dai kada mai aiki irin nawa ya dogara da ma'auninta, zanen hannu ne na wancan zamani.

Shawara: a buɗe shi a kwamfuta. A waya rubutun ƙanana ne, kuma da irin netwok ɗin unguwarmu sai bayan sallar isha taswirar ke fitowa sarai. Komai da Turanci yake.

Na so a ce muna da irinsa na ganuwar Bauchi, a ga ainihin inda Ƙofar Ran, Ƙofar Wunti da Ƙofar Tirwun suka tsaya kafin shaguna su rufe su. Ɗaliban safiyo da na tarihi su leƙa, musamman ɓangaren taswirar inci shida, wato wadda inci shida a takarda ke daidai da mil ɗaya a ƙasa.