Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah: wace godiya ce ta fi nauyi?

Dukkansu a Madina aka shar'anta su, shekara ta 2 bayan Hijira, amma kowacce da irin godiyarta. Ƙaramar Sallah, ranar 1 ga Shawwal, murnar kammala azumi ce: a fitar da zakkar fidda-kai, sa'i ɗaya na abinci, kafin a tafi idi, a kuma ɗan taɓa dabino tukuna.

Babbar Sallah kuwa, 10 ga Zulhijja, tushenta ya koma can ga Annabi Ibrahim, lokacin da Allah Ya fanshi ɗansa da rago. Nan sai an sauko daga idi ake yanka. Wanda ya yi gaggawa, naman miya kawai ya samu, ba layya ba. A ganina ta fi taɓa zuciya, ko da yake aljihun maigida ne ke jin jiki.