Wane ƙamus za ka saya kafin ka fara rubuta kundi?

Ɗalibin Hausa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ba ya gama kundinsa bai ɗauko ma'anar kalma daga ƙamus ba, kuma kowace ma'ana sai ya faɗi mai ƙamus, shekara, shafi da maɗaba'a. Don haka tun wurin saye ake gyara manazarta.

Ni dai ƙamusun Bargery ne nawa. A 1934 ya fito daga maɗaba'ar Jami'ar Oxford, shafi sama da 1,200, sannan maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello ta sake buga shi a Zariya a 1993 da ƙarin da Skinner ya yi. Abin da ya sa Basakkwace zai riƙe shi hannu bibbiyu shi ne yana sa wa kalma alama ya nuna ta Sakkwato ce ko ta Katsina. In kana nazarin karin harshe ko waƙoƙin ƙarni na 19, kalmar da ka ji a bakin kakarka can za ka tarar da ita da misalinta. Sai dai ka rubuta shekarar bugun da ke hannunka.

Na Abraham yana da kyau wajen karin sauti (hawa da saukar murya a kalma), amma yana gajiyar da ido. Na Newman na 2007 tsaf yake, sai dai daidaitacciyar Hausa ya fi kula da ita. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, 2006, Hausa zuwa Hausa ne, kuma sunan Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ake sawa a gurbin marubuci.

Ɗan'uwa, ka kiyayi na fotokwafi! Na taɓa sayen wani da aka ɗinke da bango mai kyau, ashe babu shafin farko, an kuma yanke lambobin shafi wajen datsa. Na yi hasashen shekara. Malamina ya zagaye wuri goma sha ɗaya da jan biro, ya ce, "Malam, wane bugu ne wannan?" Mako biyu na yi a ɗakin karatu ina bin kalma ɗaya-ɗaya. Wanda ake turawa ta WhatsApp ma haka yake, lambar shafin da waya ke nunawa ba ita ce ta littafin ba.

Kafin ka biya, buɗe bayan shafin suna ka ga shekara da maɗaba'a, ka duba tsakiya ko shafuka na bin juna. In mai shago ya hana ka buɗewa, mayar da kuɗinka aljihu.