Yini ɗaya tsakanin kufan Pompeii da dutsen Vesuvius: tafiyar ta cancanci kuɗinta, amma tsarin na buƙatar gyara

Kamfanonin yawon buɗe ido na birnin Rum suna sayar da wata tafiya ta yini ɗaya da ke haɗa wurare biyu, wato kufan tsohon birnin Pompeii da ƙolin Vesuvius, dutsen nan mai aman wuta da ya binne birnin a shekara ta 79 miladiyya. Ana ɗaukar mutum a bas da sassafe a dawo da shi bayan isha'i, kuma kuɗin da ya biya ya ƙunshi mota da tikitin shiga da jagora da abincin rana. Na yi wannan tafiya tare da wani dattijo manomin shinkafa daga Argungu da wata abokiyar aikinmu daga Birnin Kebbi, lokacin da wani taron aikin gona ya kai mu Italiya, kuma tun da muka dawo gida mutane ke tambayata ko su ma su biya idan hanya ta kai su. Amsata ita ce wuraren biyu sun cancanci kowace wahala, jagorar da aka ba mu kuma ta san aikinta, amma yadda kamfanin ya raba lokacin bai yi wa Pompeii adalci ba.

Matsalar ta faro ne daga nisa. Tsakanin Rum da Pompeii akwai kimanin kilomita 240, wanda bas ke cinyewa cikin sa'o'i uku, saboda haka kafin a ga komai an riga an sallama sa'o'i shida na yinin ga kujerar mota. Bas ɗin dai tsaf yake, da na'urar sanyaya iska, direban kuma ba mai gaggawa ba ne.

Inda kuɗin ya halatta shi ne wajen jagorar da ta tarye mu a ƙofar birnin da ake kira Porta Marina, mace mai matsakaicin shekaru wadda ta karanci ilimin tono kayan tarihi, da katin izininta rataye a wuya. Ta raba wa kowa ɗan abin sauraro na saƙalawa a kunne, ta yadda ko mutum ya tsaya a baya yana jin muryarta ba sai ta ɗaga ta ba. Da Ingilishi take bayani, kuma wanda ba ya jin Ingilishi mai sauri lallai ya tafi da wanda zai yi masa tafinta. Ni ne na riƙa yi wa Alhaji, ita kuma da ta lura sai ta riƙa ɗan dakatawa bayan kowane bayani ba tare da an roƙe ta ba. Wannan kaɗai ya nuna mini cewa idonta na kan mutanen da take jagoranta.

Ba ta fara da shekaru da sunayen sarakuna ba, sai ta ce mu dubi ƙasan ƙafafunmu. An shimfiɗe titunan da manyan baƙaƙen duwatsu, kuma a jikinsu akwai kwari biyu masu tafiya kafaɗa da kafaɗa, waɗanda ƙafafun amalanke suka sassaƙa saboda yawan wucewa. Na durƙusa na sa hannu a ɗaya, sai da ya shanye yatsuna. A tsakiyar titi an kafa wasu duwatsu masu tudu domin masu tsallakawa su taka kada ruwa da ƙazantar hanya su taɓa su, an kuma bar tazara tsakaninsu daidai yadda ƙafar amalanke za ta wuce. A mararraba akwai kwamin ruwa na dutse da ake kawo wa ruwa ta bututun dalma, kuma gefen wasu ya lotsa daidai inda masu sha ke dafa hannu. Daga nan ta shigar da mu gidan burodi, inda har yanzu duwatsun niƙa ke tsaye, na sama a kife a kan na ƙasa, da ramin da ake zura itacen da jaki ke juyawa, ga kuma tanderun bulo a gefe. Ta ce a wani gidan burodi na birnin an buɗe tanderu aka tarar da burodi 81 sun zama gawayi, an zuba su ba a samu damar kwashewa ba. Alhaji ya daɗe yana shafa dutsen niƙan, sannan ya ce mini, "Malam, ka tambayar mini ita, wace irin tsaba suke niƙawa?" Ta amsa cewa alkama ce, ta kuma ƙara da bayanin gonakin da ke kewaye da birnin a wancan zamani, abin da ba ya cikin jawabin da ta saba yi. A bangon wasu shaguna har yau ana iya karanta jan rubutu na masu neman a zaɓe su a muƙaman gari.

Wurin da ya fi nauyi shi ne inda aka ajiye siffofin mamatan. Mutane da yawa suna zaton gawarwaki ne suka zama dutse, alhali ba haka ba ne. Toka ce ta rufe su ta sandare, jikin ya ruɓe ya bar rami mai siffar mutum, sai a shekara ta 1863 shugaban aikin tonon, Giuseppe Fiorelli, ya fito da dabarar ɗura filasta a cikin ramin, idan ta bushe a kankare tokar, siffar ta bayyana da lanƙwasar tufafi da madaurin takalmi. Akwai wani da ke tsugune ya haɗa gwiwoyi da ƙirji, hannayensa biyu a kan fuska. Jagorar ta sassauta murya a nan, ta roƙi mutane kada su yi hoton kansu suna murmushi a gabansu, abin da ya ƙara mata daraja a idona. Hajiya ta juya baya tana salati, Alhaji kuma bai ce komai ba sai "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Ta bayyana mana cewa bala'in kashi biyu ya zo. Da farko dutsen ya tura toka da tsakuwa marar nauyi sama, suka yi ta zubowa tun daga tsakar rana har cikin dare, rufin gidaje ya riƙa ruftawa, kuma a wannan tsakanin ne akasarin mutane suka tsere. Waɗanda suka tsaya suna jiran abin ya lafa, washegari da safe guguwar iska mai ƙuna haɗe da toka ta gangaro daga dutsen ta gama da su. An ƙiyasta mazauna birnin da kimanin 11,000, kuma an gano ragowar mutane wajen 1,150 a ɓangaren da aka tone. Tokar da ta rufe garin ta kai mita 4 zuwa 6, ita ce kuma ta adana shi har aka fara tono a 1748. Labarin ranar ya iso mana ne ta wasiƙun wani saurayi mai shekara 17, Pliny Ƙarami, wanda ya hango abin daga Misenum a ɗaya gefen gaɓar tekun, kawunsa kuma, shugaban rundunar jiragen ruwa, ya tafi ceto bai dawo ba.

Duk wannan cikin sa'o'i biyu aka yi shi, kuma a nan ne ƙorafina yake. Faɗin birnin ya kai hekta 66, an tone kusan kashi biyu cikin uku, ba wurin da za a zaga a guje ba ne. Ba mu kai ga babban filin wasan da aka gina wajen shekara ta 70 kafin miladiyya ba, wanda ke ɗaukar mutum kusan 20,000, ba mu kuma ga lambun da aka samu mutum 13 kwance wuri ɗaya ba. Da lokacin ne babu da mun yi haƙuri, amma da muka fito sai aka kai mu wani shagon sassaƙa murjani da bawon kifin teku, aka bar mu kusan sa'a guda ana nuna mana sarƙoƙi masu tsada. Sana'ar ta gaske ce, garin Torre del Greco da ke kusa ya shahara da ita, sai dai ba ita muka biya mu gani ba, kuma ba a ambace ta a takardar da aka ba mu ba.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata Musulmi ya faɗa tun kafin a tashi. Na farko, wasu gidajen birnin suna da zane-zanen tsiraici a bango, har akwai gidan karuwai da masu yawon buɗe ido ke yin layi su shiga. Na sanar da jagorar tun a ƙofa, ita kuma ta riƙa yi mana ishara kafin a isa irin waɗannan wurare mu jira a waje, ba ta nuna wani mamaki ba. Na biyu shi ne abinci. Fiza aka kawo, kuma da yawa daga cikin nau'o'inta akwai naman alade a kai, saboda haka muka nemi wadda ake kira Margherita, mai tumatir da cuku da ganye kawai, ta kuma yi daɗi ƙwarai. An ajiye giya a kowane teburi a matsayin wani ɓangare na abincin, domin ana noman inabi a gindin dutsen, sai da muka ce a ɗauke a kawo ruwa. Ba a tanadi wurin salla ba. Mai gidan abincin ne ya nuna mana wani lungu mai tsabta a farfajiya, muka haɗa azahar da la'asar.

Hawan dutsen ya zo da yamma, lokacin da ƙafa ta riga ta gaji. Bas yana bin hanya mai kwana-kwana har zuwa tsayin mita 1,000, daga nan kowa ya taka da ƙafarsa, domin ƙolin yana kan mita 1,281. Tafiyar ba ta wuce rabin sa'a ba, amma hawa ne a kan tsakuwa mai zamewa, kuma iskar sama tana da sanyi ko da ƙasa ana zufa. Hajiya, wadda gwiwa ke damu, ta ce, "Ku je ku dawo, Malam, ni na ga iyakata," ta zauna a wata rumfar shayi, kuma babu wanda ya gaya mata tun a Rum cewa rabin tafiyar ba za ta yiwu mata ba. Wannan ma laifin masu sayar da tikitin ne. Takalmi mai rufi da ya kama ƙafa wajibi ne, babbar riga kuma iska za ta yi ta fizga.

A sama mutum yana tsaye a bakin wani rami mai zurfin kusan mita 300, bangonsa ja da toka-toka, tururi na fita daga wasu tsagogi da ɗan warin farar wuta. Babu wuta babu ƙara, wanda ya zo da tsammanin ganin narkakken dutse na tafasa ba zai gan shi ba. Abin da ke kama zuciya shi ne juyawa baya: ga teku, ga tsibirin Capri, ga birnin Napoli da samarinmu suka sani ta dalilin Victor Osimhen, ga kuma gidaje sun yi cincirindo har gindin dutsen. Jagorarmu ta Pompeii ba ta hau tare da mu ba, wani ma'aikacin gandun dajin da dutsen ke ciki ne ya yi gajeren bayani ga taron jama'a, wanda iska ta kwashe rabinsa. Daga abin da na ji, dutsen ya yi amansa na ƙarshe a watan Maris na 1944, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, ya lalata garin San Sebastiano da jiragen yaƙin Amurka masu yawa, kuma ana ganin sandararren malalen wannan shekara daga tagar bas. Tun 1841 aka kafa cibiyar sa ido a kansa, kuma mutane kimanin 700,000 ne ke zaune a yankin da hukuma ta ce za a kwashe idan alamu suka nuna.

Wani Bature a cikin ayarin ya yi ta mamakin abin da ke zaunar da mutane a irin wannan wuri, amma mu bai ba mu mamaki ba. Tokar da ta kashe kakanninsu ita ce ta mai da ƙasar mai albarka, tumatir da inabi da 'ya'yan itatuwa suna yi sosai a cikinta. Alhaji ya ce daidai yake da fadamarmu: ambaliyar 2020 ta cinye shinkafar jama'a a Kebbi, amma da ruwa ya janye kowa ya koma, domin abin da ruwan ya bari a ƙasa shi ne abincin baɗi.

Yadda aka ɗauki jagoranci a matsayin sana'a mai karatu da izini ya sa na yi ta tunanin Surame, birnin da Muhammadu Kanta ya kafa a ƙarni na 16, wanda ganuwarsa ta dutse ke nan a ƙaramar hukumar Binji ta jihar Sakkwato. Tafiyar yini ɗaya da za ta fara daga gidan tarihi na Kanta a Argungu ta ƙare a can, da jagora irin wannan mata mai bayani da Hausa, abu ne da ni zan biya kuɗina in shiga, in kuma kai 'ya'yana.

Ga wanda zai je, shawarata ita ce kada ya sayi tafiyar daga Rum. Ya hau jirgin ƙasa mai sauri zuwa Napoli, tafiyar sa'a ɗaya da 'yan mintuna, ya kwana a can, da safe ya shiga ƙaramin jirgin Circumvesuviana ya sauka a tashar Pompei Scavi da ke daf da ƙofar kufan. Ya ɗauki jagora mai katin izini na sa'o'i biyu, bayan sun rabu ya ci gaba da zagawa da kansa, dutsen kuma ya bar shi zuwa wata safiya. Idan kuwa yini ɗayan ne kawai yake da shi, to kafin ya biya ya tambayi sa'o'i nawa za a yi a cikin Pompeii, ko akwai tsayawa a shago, ko tikitin ƙolin dutsen na cikin kuɗin, da kuma abin da za a mayar masa idan an rufe hanyar hawa saboda iska ko ruwan sama, domin hakan na faruwa. Tun daga watan Nuwamba na 2024 an ƙayyade masu shiga Pompeii zuwa 20,000 a rana, tikitin kuma da sunan mai shi ake bugawa, saboda haka ya tafi da fasfonsa, ya kuma riƙe hula da gorar ruwa, domin inuwa ta yi ƙaranci a cikin kufan, amma akwai famfunan ruwan sha da zai riƙa cikawa.