Na saya wa Kaka Baibul mai magana, ga abinda na gani cikin wata 5

'Yan'uwa salama. Tun ranar da na je da ɗan akwatin nan wurin zumuntar mata ake ta tambayata, a ina kika saya, nawa ne, yana da ƙwari ko irin kayan nan ne da sati biyu sun mutu, toh na ce bari in zauna in faɗi komai sau ɗaya, mai daɗin da mara daɗin.

Abin dai girmansa kamar sabulun wanki na sanda, baƙi, sifika a gaba, sola a baya, botin guda 6, akwai ramin iyafis da ramin caji irin na ƙaramar waya harda 'yar tocila a kai. A ciki an ɗauki karatun Littafi Mai Tsarki da Hausa gaba ɗaya, littattafai 66, daga Farawa har Wahayi. Ba ya buƙatar data ba ya buƙatar sim, kunnawa kawai za ki yi. A Jos na saya, wani shagon littattafan Kirista kusa da Terminus, naira 18,000 bayan mun ɗan ja, a watan Yuni. Yaron shagon ya yi haƙuri da ni sosai, ya buɗe kwali ya kunna min ya bar ni na saurara kusan minti goma ina dannawa ina komawa, bai nuna gajiya ba. Amma da na ce garanti fa sai ya ce Mama in ya ba da matsala cikin wata 3 ki dawo da shi, da baki kawai, a rasit bai rubuta ba, ni kuma ban matsa ba, wannan sakacina ne.

Ba don kaina na saya ba, ni ina da manhajar Baibul ta YouVersion a waya kuma akwai Hausa a ciki kyauta. Don Kaka na saya. Ba kakata ta jini ba ce, maƙwabciyata ce a gidan hayar da muke a Bukuru, ɗakinta na ƙarshe kusa da rijiya, 'yar wajen Pankshin, yana ta rufe mata ido duka biyu sai dai ta ga inuwar mutum. A makarantar mishan ta koyi karatu tun tana yarinya, tun ekklisiyar COCIN ba ta ɗauki sunan COCIN ba ana cewa ekklisiyar S.U.M, wato sunan mishan ɗin da ya kafa ta, kuma an ce da ita ce mai ba da waƙa a ƙungiyar mata. Ɗanta namiji ɗaya tilo ya shiga cikin Jos a watan Satumba 2001 ranar da rikici ya tashi, bai dawo ba, ba a ma samu gawarsa ba. Daga wannan shekarar ƙafarta ba ta ƙara taka coci ba. Kowa a gidan ya sani, ba mai taɓo zancen.

Shekarata 6 a gidan nan kuma tsakanina da ita ina kwana Kaka, lafiya lau 'yata, sai shinkafar Kirsimeti da nake aika yara su kai mata. Ni ce kuwa in an ce za a fita bishara ƙauye nake fara ɗaura zanen zumunta, mu shiga mota muna waƙa mu yi tafiyar awa biyu. Ranar da fasto ya yi wa'azi a Luka 10, labarin Basamariyen nan, abinda ya tsaya min a wuya shi ne firist ɗin da Balawen duka sun ga mutumin, ba wai ba su gani ba, sun gani suka ratse ta wancan gefen. Na dawo gida na tarar da Kaka zaune a bakin ƙofarta tana lalube tana neman murfin kofi a ƙasa, gaskiya kunya ta kama ni har cikin ƙashi. Kullum sai na wuce ta in je rijiya.

Bari in koma kan akwatin. Muryar tana da kyau, wannan ba zan rage masa ba. Namiji ne yake karantawa, Hausa tsaf, ba ya gudu, tsohuwa tana iya binsa kalma kalma. Sifikar ta fi girman jikinta ƙara, in kika kai ta ƙarshe ana ji har tsakar gida amma a nan ne take fara karkarwa kamar gwangwani, rabi ya fi daɗi. A Sabon Alkawari sun sa ɗan kiɗa a ƙasa, wani wurin yana ƙara armashi wani wurin yana danne magana, musamman ga mai kunnen da ya fara nauyi, da ni ce da na cire shi.

Akwai abu ɗaya da ban yi tunaninsa ba sai da Kaka ta ɗago kai. Da mai karatun ya ce Bishara ta hannun Yahaya sai ta ce wane Yahaya kuma, Yohanna dai. Ashe fassarar da aka ɗauka ita ce wadda ta fito a ƙarshen shekarun 1970, mai Matiyu da Yahaya, ita kuwa da tsohuwar ta tashi, ta 1932, wadda su Dokta Miller na Zariya suka yi aikinta, mai Matta da Yohanna. Mu ba ma lura da wannan amma tsofaffi ayoyin da suka haddace da waccan Hausar suke a kansu, in aka canja kalma ɗaya sai su ji kamar an canja musu hanyar gida. Ta saba daga baya, har yanzu dai in ya ce Yahaya sai ta gyara masa a hankali. Duk mai saya wa tsoho ya tambayi wace fassara ce a ciki kafin ya biya.

Yanzu inda abin ya ba ni haushi. Botin ɗin duka shida lafe suke da jiki, girmansu ɗaya, santsinsu ɗaya, alamar da ke kansu fenti ce kawai. Abin da aka ce an yi don wanda ba ya iya karatu ko ba ya gani, ta yaya za a yi shi haka dan Allah? Sannan in kika kashe shi ba ya tuna inda kika tsaya, gobe in kin kunna sai ya mayar da ke Farawa sura 1. Ki duba fa, Zabura ita ce littafi na 19, kenan sai kin danna sau 18 kafin ki iso, in Zabura 23 kike so ki ƙara danna sau 22, in hannunki ya zarce ki sake lissafi. Akwai botin da yake tsallakawa kai tsaye zuwa Sabon Alkawari, wannan ya taimaka, daga nan danna biyu kin shiga Luka. Amma Zabura, wadda ita tsofaffi suka fi nema, wahala ce. Dabarar da ɗana ya yi ita ce ya manna ƙwayar shinkafa ɗaya da gam a kan botin kunnawa, biyu a kan na gaba, yanzu da yatsa take ganewa. Wayar cajin da aka haɗo da ita kuma sati 3 ta yi ta mutu, sai ta tsohuwar wayar maigidana muke sawa.

Sola ɗin ma kar a ruɗe ki. A Yuli da Agusta kun san yadda Jos take, hadari da yayyafi kwana da kwanaki, mu shanya shi a taga tun safe da yamma ko awa ɗaya ba ya kaiwa, dole sai an kawo wuta mu sa a soket. Tun da damina ta ɗauke kuwa in ya wuni a kan kwano yana ba mu kusan awa 3, sai dai yanzu da hunturu ya fara a riƙa goge ƙurar da ke kan gilashin. Ya faɗi ƙasa sau biyu a kan siminti bai fashe ba, wajen ƙwari na yaba masa.

Ranar da na kai mata ban san ma me zan ce ba. Na ce Kaka ga wani abu na kawo miki, Maganar Allah ce a ciki da Hausa. Ta yi shiru ta ce ki ajiye can 'yata, na gode. Kwana 3 yana nan inda na ajiye a kan bokitin fenti. A raina na so in ce toh ni dai na yi nawa, na kashe kuɗina na kai, saura tsakaninta da Allah. Amma tunda ba ta iya kunnawa da kanta dole na koma, da yamma bayan na sauke tukunya sai in ɗauki kujera 'yar tsugune in je, in kunna sura ɗaya ko biyu ina tsince wake tana jingine da bango, ba ta cewa komai ni ma ba na cewa komai.

Muka fara Luka. Da muka kai sura 7, wurin gwauruwar Nayin da aka ɗauko gawar ɗanta tilo Yesu ya tsayar da makara ya tashe shi ya miƙa wa uwarsa, ban tuna da wannan labarin yana gaba ba wallahi da na tsallake, sai ta ce kashe shi. Na kashe. Ta ce ita an mayar mata da nata, ni ko makarar ban gani ba. Duk ayoyin da nake ja a wurin bishara babu wadda ta zo bakina, kuma na gode wa Allah da ba ta zo ba. Na matsa kusa na riƙe hannunta muka yi kuka tare har duhu ya shiga, ta ba ni labarin yaron, irin rigar da ya sa ranar, kuɗin da ta ba shi ya sayo mata magani, abinda ta ce shekara da shekaru ba ta faɗa wa kowa ba. Washegari na ɗauka ba za ta ƙara yarda ba, sai ga jikan mai gida ya zo wai Kaka ta ce ki zo da abin nan, Zabura take so. Na nemo mata ta 13, mai cewa har yaushe ya Ubangiji za ka manta da ni. Sau huɗu ta sa na maimaita. Da muka kai ta 23 kuwa kafin mai karatun ya buɗe baki ta riga shi, Ubangiji makiyayina ne, ta ja ta har ƙarshe da tsohuwar Hausarta ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

Wani abu kuma da ya kamata in faɗa, gidanmu haɗe muke da Musulmi, kuma sai da na fara zama a ɗakin Kaka na gane cewa duk shekarun nan Hajiya ta ɗaki na biyu ce take aiko 'yarta ta ɗebo mata ruwa kullum da safe, ita take kai mata kunu in ba ta da lafiya, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Don haka ba na ƙure ƙarar akwatin nan a tsakar gida, in lokacin sallar magariba ya yi kuma sai mu rage ko mu sa iyafis, a nan ramin iyafis ɗin ya yi amfani sosai duk da Kaka ba ta son abu a kunne. Manzo Bitrus ya ce mu kasance a shirye mu ba da amsa ga mai tambayar dalilin begen da ke cikinmu, amma da tawali'u da ladabi, ni ban ga ladabi a cika wa mutane gida da sifika ba. Rannan muna jin labarin Yusufu a Farawa Hajiya ta tsaya da tsintsiya a hannu ta saurara har wurin da ya yafe wa 'yan'uwansa, ta ce Allah sarki Annabi Yusuf, muka ɗan yi hira ta wuce.

Kar wani ya ɗauka Kaka ta koma coci, ba ta koma ba, ni kuma na daina tambaya. Ta dai yarda muna addu'a kafin in tafi, wani lokacin ita take yi. Ta yarda mata huɗu daga zumunta suka zo suka yi mata waƙa, ta gyara musu baiti ɗaya da suka ɓata. Su ne kuma suka ce toh ba a tsaya a waƙa ba, littafin Yaƙub ya ce in ɗan'uwa ba shi da tufa ko abinci aka ce masa sauka lafiya ba a ba shi komai ba me aka yi, muka fara tara kuɗin mota don jikanta ya kai ta asibitin ido na ECWA a Kano a duba ko yanar za ta ciru.

Ko ya cancanci 18,000? A wurina e, da sharaɗin wanda za a ba yana da mai zama kusa da shi, don makaho shi kaɗai ba zai iya da botin nan ba sai an yi masa dabara. Ki kunna a shagon, ki kashe ki sake kunnawa ki ga ko yana tuna inda ya tsaya, ki shafa botin da ido a rufe, ki sa a rubuta garantin a rasit, ki haɗa da wayar caji ta daban. Na ji yaron shagon ya ce akwai wani iri mai botin masu tudu da ya fi wannan tsada, ranar Asabar zan shiga Jos in duba shi don surukata a ƙauye. Na Kaka dai yana kan kwano yanzu yana shan rana, da yamma za mu ci gaba da Luka 15, ta ce in zo da wuri kafin sanyi ya sauko.